Kaset Ɗaya Ya Bar Mini

Shin mamaci yana jin abin da ake yi da muryarsa bayan an rufe shi? A wannan wata na Rajab maigidana ya cika shekara goma sha bakwai da rasuwa, kuma shekara uku ke nan ina yawo da wannan tambaya. Na kai ta gaban malamai biyu. Ɗaya ya ce in kwantar da hankalina, Allah ba ya ɗora wa wani laifin wani. Ɗayan ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce in yawaita yi masa sadaka. Na dawo gida da tambayata yadda na fita da ita.

Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. 'Yata Safiya, wadda ke koyarwa a firamare, ita ce riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata duk inda kuka ya tare ni ta jira, kada ta cike mini da nata.

Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ba haka aka rene mu ba. Amma tsofaffin matan Soron Ɗinki sun san wanda nake nufi in na ce mai kalangu. Su biyar ne a ƙungiyarsu: shi ke waƙa yana kaɗa kalangu, biyu na bin sa da kiɗa, biyu na amshi. Wunin biki da suna su ne aikinsu, kuma daga unguwarmu har Ƙofar Dawanau da wuya a sami lungun da ba su shimfiɗa tabarma ba. Kiɗan rawa yake yi, ba wa'azi ba. Ba zan mayar da shi waliyyi don ya mutu ba. Mutum ne mai zafin rai, bakinsa da kaifi, in ya yi wa marowaci zambo sai yara sun haddace. Dangina Fulani ne da suka daɗe da barin kiwo suka zauna birni, kuma har suka ƙare ba su daina yi mini gorin na auri maroƙi ba. Da kiɗa aka ci da ni shekara talatin da ɗoriya. Don haka kada wani ya karanta wannan ya ce tsohuwa ce mai ƙin kiɗa.

Sai dai kiɗansa yana da ido. In yana aiki ba ya kallon fuskar mace, ƙafarta yake kallo. Budurwa ta shigo fili, ya matse kalangu ya bi ta da sauri. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta shigo, ya sassauta, ya jira ta ta ɗaga ƙafa kafin ya buga, har ta fita tana jin ita ce ta fi kowa iyawa. Bai taɓa kiran sunan matar aure a waƙa ba, sai dai ya ce 'yar gidan wane. Da ladan ya ɗaga murya kuwa, ko a tsakiyar baiti ne, zai kwantar da kalangu a kan tabarma ya rufe shi da bakin riga.

'Yarmu ta fari shekararta biyar ƙyanda ta ɗauke ta. Yaran yanzu ba za su gane abin da zan faɗa ba, amma iyayensu sun sani. A lokacinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. A wajen danginmu abin ma ya fi tsanani. Shekara biyar ina ce mata "ke" ko "yarinyar nan". A ɗakin surukata take kwana. In ta rugo ta kama mini zane a tsakar gida, sai in janye in ce ta tafi wajen kakarta. Shi ma uban bai taɓa kiran sunanta a gabana ba. Ranar da aka fita da gawarta na buɗe baki zan yi kuka, sai gwaggona ta mintsine ni a cinya ta ce, "Kul. A kan 'yar fari? Kada ki ba mu kunya a gidan mutane." Na haɗiye.

Kwana takwas bayan nan ya rataya kalangu ya tafi wani biki da ya riga ya yi alkawari. Ina daka na jiyo sautinsa daga can bayan layi, mata na guɗa. Na ajiye abin a raina shekara da shekaru, cewa mutumin nan dutse ne, 'yarsa na ƙasa shi yana sa mata rawa. Muka haifi wasu, muka aurar, muka tsufa, ban taɓa tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba.

Sai ranar da zai rasu na san akwai wani kaset a ƙasan akwatinsa, naɗe cikin tsohuwar hula. Ashe bayan an yi arba'in ɗin yarinyar, lokacin da na tafi ganin gida, ya rufe kansa a zaure da rikodarsa ya yi mata abin da bai iya yi a gaban kowa ba. Ya ɓoye shi kusan shekara talatin a ɗakin da nake sharewa kullum.

Ban saurara ba. Da farko tsoro ne: in ɗauko hular, in ji nauyin abin a hannuna, in mayar. Na ce sai na gama takaba. Na gama, na ce sai bayan Babbar Salla. Daga baya rikodar ta lalace, mai gyaran da na sani ya tashi daga kasuwa, duniya ta koma waya. Haka shekara goma sha huɗu ta wuce. Wannan laifina ne, ba na kowa ba, kuma na ce Safiya ta rubuta shi kafin in fara faɗin na wasu.

Akwai ɗan aminiyata Hajiya Tani, wanda a gida muke ce wa Ɗanlami. Sunan da ya laƙa wa kansa a waƙa daban ne, ba kuma ni zan yi masa talla ba. A gabana aka yanke masa cibi. Yanzu magidanci ne mai 'ya'ya uku, yana da ƙungiyarsa ta waƙoƙin rawa irin na zamani, waɗanda ake haɗawa da fiyano a sitidiyo. Wata rana da hantsi ya shigo har tsakar gidana, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Inna, kaset-kaset ɗin Baba suna nan kuwa?"

Na ce suna nan cikin kwando.

"Ai danshi zai cinye su. Ki kawo in juye miki su a waya, duk sanda kika so jin muryarsa sai ki danna."

Na ji daɗi, har na sa masa albarka. Na ba shi kwandon. Har ya kai ƙofar zaure sai na kira shi, na shiga ɗaki na ɗauko hular. Na ce masa, "Wannan daban ne. Ba na biki ba ne. Na 'yata ce da ta rasu tun ba a haife ka ba, ko ni ban taɓa jin sa ba. Ka juye mini, amma kada ka saurara." Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Inna, ai ni ɗa ne." Ni a jahilcina na ɗauka ana juye murya kamar yadda ake juye gari daga buhu zuwa buhu, ba sai an ɗanɗana ba.

Bayan sati biyu ya kawo sauran a waya. Na cikin hular kuwa ya ce zaren ya manne, sai an yi masa dabara. Wata ya wuce, wani ya wuce. In na aika, sai ya ce ana kan aiki.

Rannan aka yi wunin bikin jikar Hajiya Tani a wani fili can Ƙofar Dawanau. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an girke lasifikoki masu tsayin mutum. Ɗanlami da mutanensa ne masu kiɗa. In ce masu kiɗa? Ko ganga ɗaya babu. Wani ne zaune gaban kwamfuta yana cin gyaɗa, sai wata yarinya da inji ya sirance mata murya har ta koma kamar ta sauro, sai shi da baƙin tabarau da wando yagagge a gwiwa, mutum mai iyali. Ba waƙar suke yi ba ma. An riga an yi ta a wani wuri, su dai motsa baki suke yi suna riƙe da abin magana. Na ga wata dattijuwa ta shiga fili don ta taya jikarta murna, kiɗan ya bi ta kanta ya wuce, ta ɗaga ƙafa sau biyu ta rasa inda za ta sa, ta fito tana haki tana dariyar kunya. Babu wanda ya ko lura.

Ina zaune ina ɓare goro sai na ji gyaran murya. Sau biyu, na biyun ya fi gajarta. Goron ya faɗi daga hannuna. Shekara talatin ina jin wannan gyaran murya kafin kowace waƙa, da kafin kowace magana mai nauyi. Sun bar shi a ciki, sun mayar da shi wani ɓangare na kiɗan. Sai ga muryar maigidana ta cika filin nan, an ƙara mata gudu, tana kiran sunan 'yata. Ya kira, inji ya datse, ya sake kira, inji ya datse, sau huɗu a jere, sannan kiɗa ya faɗo kamar an kifar da kwanuka. Ɗanlami yana motsa baki, muryar mijina na fita. Daga nan ya ɗora nasa baitocin, na wata budurwa da ta hana shi barci, mai wannan suna.

Wannan shi ne karo na farko a rayuwata da na ji uban yarinyar nan ya kira sunanta. A nan na ji shi, a tsakiyar 'yan mata da suka juya wa wayoyi baya suna karkaɗa jiki, samari na tafi, kowa na ihun sunan da ni uwarta ban taɓa furtawa ba. Ashe waƙar ta yi wata guda tana zaga gari, ni kaɗai ce ban sani ba. Kuma ko cikin gudun da suka ƙara mata, ni na ji abin da su ba su ji ba: muryar tana rawa. Mutumin da na ɗauka dutse ne, kuka yake yi.

Hajiya Tani ta taho tana rangaji ta kamo hannuna. "Taso mana, matar mai kalangu! Yau mijinki ne a fili!"

Na fizge hannuna. Na tashi na nufi inda igiyoyin wuta suke, na kama wadda ta fi kauri na ja da duk ƙarfina. Fanka ce ta mutu. Kiɗa bai ko girgiza ba. Waɗanda ke kusa suka fashe da dariya, wata ta ce, "Iya ta ji sanyi ne," wata kuma ta ɗago waya tana ɗaukata. Safiya ce ta zo ta lulluɓe ni da mayafinta ta fitar da ni. A bakin titi na amayar da duk abin da na ci.

Kwana biyu bayan nan na sa Safiya ta raka ni sitidiyon nasu, wani ɗaki a saman bene wajen Ƙofar Nassarawa, an manna wa bangonsa katifa. Sai da na huta sau uku a matakala. Da ya gan ni ya miƙe da fara'a.

"Inna da kanki? Ai da kin aiko. Kin ji yadda muka raya Baba? Har ƙasashen waje ana rawa da ita."

Na ce, "Ina sauran?"

"Sauran me, Inna?"

"Sauran abin da ya faɗa."

Ya sosa ƙeya. "Wallahi Inna, ba waƙa ba ce sosai. Magana ce. Ya yi magana, ya yi shiru, sai kuka, sai ya ɗan taɓa kalangu. Wajen kiran sunan ne kawai ya hau kiɗa."

"To, me ya ce a maganar?"

Ya dubi mai kwamfutar. Mai kwamfutar ya cire abin da ke kunnensa ya ce, "Gaskiya Hajiya ba mu riƙe ba, yana da tsawo. Na dai ji yana maganar wani takalmi. Jan takalmi."

Maigidana ya sayo wa yarinyar jan takalmi na roba don ƙaramar Salla, saura kwana tara Sallar ta kwanta ciwo. Ni na bayar da takalmin nan sadaka da hannuna, na ɗauka ma bai lura ba.

Na ce su ba ni kaset ɗina. Ɗanlami ya ce inji ya tauna zaren wajen juyewa, mai shara kuma ya haɗa da shi. Na ce to wanda suka juye fa? Mai kwamfutar ya ce sun yanki inda suke so, sauran ya tafi lokacin da aka yi wa kwamfutar wanki. Haka ya ce, wanki. Ya faɗa yana kallon agogon wayarsa.

"Ki yi haƙuri Inna," in ji Ɗanlami. "Da ma a akwati yake yana ruɓewa. Yanzu ko ba komai duniya ta ji shi."

Na ce, "Duniya aka yi wa? Na gaya maka na wace ce, da bakina na gaya maka. Ka tono gawa biyu ka sa su rawa, sannan ka ce in gode." Na roƙe shi ya cire waƙar daga gari. Ya ce ta riga ta shiga wayoyin mutane, ko shi ba shi da iko da ita yanzu. A wannan dai na san gaskiya ya faɗa.

Da yamma ya aiko da buhun shinkafa da turmin atamfa. Na sa aka mayar. Uwarsa ta zo washegari, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Yaro neman abincinsa yake yi. Naki mijin ma ai da rawar mata ya ci da ku." Shekara arba'in muna cin tuwo a kwano ɗaya da matar nan. Yanzu in mun haɗu a gidan gaisuwa, sannu ce kawai.

Nakan zauna in tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan zamani. In gaskiya zan faɗa, fiyanon ba zai ba shi haushi ba. Mutum ne mai son sabon abu, shi ya fara rataya lasifika a kan bishiya a bikin unguwarmu, tsofaffi na zaginsa. Ina jin da zai zauna gaban kwamfutar nan ya ce a nuna masa inda ake dannawa. Rawar ma ba zai ce a daina ba. Abin da zai tayar masa da zuciya shi ne mutum ya tsaya gaban jama'a ya karɓi tafi a kan muryar da ba daga maƙogwaronsa ta fito ba. Da kuma mutanen da za su zauna su uku su saurari dattijo yana kuka, su jira har ya kai inda ya hau kiɗa, su yanka. Wannan ba ƙuruciya ba ce. Sai da suka ji duka kafin su zaɓa. Da yana raye da ya yi wa Ɗanlami zambon da zai hana shi fita ƙofar gida wata guda. Ni kuwa ban iya zambo ba, sai wannan takarda.

Akwai abin da ya fi duk wannan ba ni ƙyama, kuma Safiya ta ce in bar shi, na ce ta rubuta. Waƙar ba ta mutu ba har yau. In a-daidaita-sahu ya ratso ta bakin layinmu da ita, sai in ga na ajiye tsintsiya na tsaya. Na san daidai inda gyaran muryar yake zuwa. Ina tsinewa a raina, kunnena kuma yana bin keken har ya sha kwana. Don duk duniya babu sauran inda zan ji shi yana kiranta sai cikin wannan ƙazanta. Bara wata yarinya a bayan gidanmu ta haihu, aka raɗa wa jaririyar wannan suna, uwar tana dariya tana ce mini saboda waƙar ne. Aka miƙo mini ita, na sa mata albarka, na ce Allah ya raya yarinyar nan.

To me ya rage na mai kalangu? Kalangun yana rataye a ɗakina, fatar ta tsage, tsarkiyar ta bushe. Mutanensa huɗu duk sun bi shi. Waƙoƙin bikinsa suna cikin wayata, ba mai tambaya. Abin da gari ya sani nasa shi ne numfashi huɗu da aka sata, kuma yawancin masu rawa da su ba su san na mamaci ba ne. Amma wata rana a asibiti wata tsohuwa da ban sani ba ta kama hannuna, ta ce a bikin ƙanwarta ya jira ƙafarta lokacin tana da tsohon ciki, har yau ba ta manta ba. Irin wannan ne ya rage, a jikin mata da su ma suna kan hanya. Ni kuma an bar ni da sanin cewa na zalunci mutumin nan a zuciyata shekara talatin, ya ba ni hanyar da zan ji bayaninsa, na tsaya jan ƙafa har wasu suka riga ni. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, shi da ita. Wanda kuma yake da waƙar a wayarsa, na gaya masa abin da yake rawa a kai. Sauran tsakaninsa da Allah.

Ranar Alhamis ce ya rasu, bayan la'asar. Kwana uku ba ya cin komai sai ruwan koko. Ya sa aka fitar da kowa daga ɗakin, ya nuna mini akwatin da haɓa, ya gaya mini abin da ke ƙasa. Na tsaya riƙe da kofi ban ce komai ba, don ko a lokacin kunya ba ta sake ni ba. Ya daɗe yana kallona. Bayan wannan bai ƙara magana da ni ba, sai kalmar shahada da ƙanensa ya shigo ya laƙƙana masa. Abin da ya ce mini kafin nan, maganarsa ta ƙarshe gare ni, shi ne:

"Ki rufe ƙofa, ki ji shi ke kaɗai. In kin ji na kira ta, ke ma ki kira. Ba mai jin ki."